Ina son tace rubutu ya zama sana'ata: kwas zan biya ko ubangida zan nema?

Ramatu, Maamobi

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja bayani don mai amsawa ya san halin da nake ciki.

Ni malamar Turanci ce a wata makarantar kuɗi a unguwar Kotobabi da ke Akra. A Jami'ar Gana da ke Legon na yi digiri, na yi bautar ƙasa, daga nan na kama koyarwa. Albashin ba ya kai ƙarshen wata, wannan ba sai na faɗa ba, amma ba shi kaɗai ya kawo ni ba. Tun ina jami'a ake kawo mini rubutu in duba, har yau ba a daina ba. Ɗan maƙwabta zai nemi gurbin karatu a waje, a kawo mini wasiƙarsa. Ƙungiyar matan unguwarmu za ta nemi tallafi, a ce a kai wa Ramatu takardar. Kwanakin baya yayan wata ƙawata ya ba ni kundin digirinsa na biyu. A babi na biyu akwai wata jimla da ta ci layi tara, sai numfashi ya ɗauke maka kafin ka kai aya. Na raba ta uku, na ɗauko abin da ya ajiye a ƙarshe na sa shi a gaba, sai maganar ta fito fes. Da ya karanta ya kira ni ya ce abin da yake ta ƙoƙarin faɗa ke nan tun bara. Ya turo mini sidi 200 ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, amma wallahi kiran nan ya fi kuɗin yi mini daɗi. Wannan aikin nake so in riƙa karɓa daga gida, in Allah ya sa ya kankama in ajiye alli.

Matsalata ita ce ban taɓa ganin yadda ƙwararren edita yake aiki ba. Gyaran da na iya na malamar aji ne, in ga kuskure in ja masa layi. Ban san inda ya kamata hannuna ya tsaya a rubutun mutum ba, ban san yadda ake yanka farashi ba, ban san abin da kamfanin buga littattafai yake dubawa kafin ya ba baƙo aiki ba.

Na ɗauki adashina, ina da sidi 4,000 a hannu, kuma hanya biyu ce a gabana. Ta farko kwas na intanet. Na ga na wata cibiyar editoci ta Ingila, CIEP, amma da fam ake biya, zai ci mafi yawan abin da na tara. Ta biyu, wani abokin kawuna yana da maɗaba'a a New Town, ya ce in riƙa zuwa ina zama in koya, ba zai karɓi ko pesuwa ba, shi ma ba zai biya ni ba. Ƙarfe uku nake tashi daga makaranta, ina da yarinya 'yar shekara huɗu, don haka yamma da Asabar kawai nake da su.

Wanne zan fara? In ubangida ne, ta yaya ake neman sa ba tare da an zame wa mutum kaya ba? Sannan akwai aikin nan a Gana kuwa har mutum ya ci abinci da shi? Tambaya ta ƙarshe, Hausa fa? Da ita na tashi, kullum ina karanta shafukan BBC da DW, ina so in san ko tana da kasuwa a wannan fanni.

Baba Alhassan, New Town

Wa alaikumus salam 'yata. Jikana ne ya nuna mini tambayarki ya ce aikina ne, in amsa. Na yi duba rubutu a gidan jarida tun ana zuba haruffa da dalma, daga baya na koma maɗaba'un New Town har na yi ritaya.

Mu zama muka yi, ba kwas ba. Mutum biyu ake ba tebur guda. Ɗaya ya riƙe ainihin rubutun marubuci yana karantawa a bayyane, har waƙafi da aya da babban baƙi sai ya ambata, ɗayan ya bi shafin gwaji, wato wanda aka fara bugawa don a duba, da rula a ƙarƙashin layi da jan biro a hannu. Sabon shiga shi ne mai karantawa, kuma zai daɗe yana karatun nan kafin a ba shi biro. A nan ido yake buɗewa, ka ga inda babba ya tsaya ya sa alama a gefen shafi, ka ga inda ya wuce bai taɓa ba. Na biyun ya fi wuyar koyo. Maigidana, Allah ya jiƙansa, in ka canja kalmar marubuci sai ya ɗora yatsa a kai ya tambaye ka laifinta. In amsarka ita ce taka ta fi daɗi, sai ya ce mayar masa da abinsa. In ka ce ga ƙa'idar da ta karya, ko ga yadda mai karatu zai fahimce ta a baibai, sai ya gyaɗa kai. Ke da kike malamar Turanci a nan za ki fi shan wuya, domin hannunki ya saba da gyara yara, marubuci kuwa ba ɗalibinki ba ne, sunansa ne a bangon littafin.

Abu na biyu, kuskuren da ke zubar da mutunci galibi ba na nahawu ba ne. Bari in ba ki misali da aikin da ba ya yankewa a New Town, wato ɗan littafin jana'iza da 'yan'uwanmu Kirista suke bugawa, mai tarihin mamaci da hotuna da saƙonnin ta'aziyya. An taɓa kawo mana wani, a bango an rubuta an haifi tsohuwar a 1941, ta rasu a 2019, a ƙasa kuma an sa shekararta 87. 'Yan gidan sun karanta, sun yaba Turancin, ba wanda ya ɗauki biro ya yi lissafi. Shekara 78 ce, alƙaluman ne suka juya. Da an buga haka an raba ranar Asabar a gaban dangin da suka zo daga Landan, wa za a kama? Kuma da na gani ban gyara da kaina ba, domin ta yiwu shekarar haihuwar ce ba daidai ba. Waya na sa aka yi wa babban ɗanta, shi ya faɗi abin da za a rubuta.

Haka sunaye. A littafi guda za ki ga Mohammed a shafi na 3, Muhammad a na 20, Mahamadu a na 41, mutum ɗaya ne kuwa. Shi ya sa duk aikin da kika karɓa ki buɗe masa takarda ta daban, ki riƙa rubuta kowane suna yadda mai shi yake rubuta shi, da yadda za a sa kwanan wata, da inda ake sa babban baƙi. Da ita za ki tuna abin da kika yanke a shafi na 5 idan kin kai na 200.

To maganar abokin kawunki. Ki je, amma ki buɗe ido. New Town cike take da maɗaba'u daga bakin titi har cikin lunguna, sai dai da yawansu ba su da mai duba rubutu ko ɗaya. Yaro ne a gaban kwamfuta yana tsara shafi, abin da aka ba shi shi zai zuba, a buga. In haka wurin yake za ki koyi sauri da nauyin takarda da yadda ake naɗa shafi, kuma ilimi ne mai amfani, amma ba wanda zai duba gyaranki ya ce nan kin yi daidai, nan kin wuce gona da iri. Abin da ake nema wurin ubangida ke nan. Ki tambaye shi kai tsaye: wa ke karanta aiki kafin ya shiga inji? In ya nuna miki mutum, ki roƙi mutumin abu ɗaya. Ya ba ki ɗanyen aikin da shi ya riga ya gama, ki gyara a gida, sannan ku zauna ku ɗora naki kusa da nasa layi-layi.

Neman ubangida kuwa ba abin kunya ba ne a wurinmu. Yadda ake kai yarinya koyon ɗinki haka ake yi: babba ya raka ki, a gaisa, a kai ɗan goro, a faɗi tsawon zaman da ranar yaye. Ki faɗi abin da za ki ɗauke masa, ko karatun farko na ayyukansa ko duba lambobin shafi, don kada zaman ya zama alfarma zalla. A kuma yanka wa'adi, wata shida ya isa a ga inda aka dosa. Na ga waɗanda aka riƙe shekara da shekaru suna aiki ba lada da sunan koyo, ban yarda a yi miki haka ba.

Kuɗinki ki riƙe su tukuna.

Hajara, Ayigya, Kumasi

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka faɗa haka yake. A maganar kwas kawai zan ɗan saɓa muku.

Ramatu, ni harkar wallafa na karanta a KNUST, akwai sashe guda na wannan a jami'ar, kuma yanzu da tace rubutu nake riƙe kaina daga ɗakina. Abin da na lura shi ne ubangida irin aikin da ya saba shi zai koya miki. Kwas mai kyau kuwa yana bi da ke daki-daki, ya nuna miki abin da ba ki ma san ana tambaya ba. Misali, aikin nan hawa-hawa ne. Akwai gyaran gini, inda za ki ce wa marubuci babi na huɗu ya kamata ya zo kafin na biyu, ko hujjarsa ba ta tsaya ba. Akwai tace jimla da daidaita salo, shi ne mafi yawan abin da ake kawo mana. Akwai duban ƙarshe bayan an tsara shafi, wanda Baba ya kwatanta. Mutanenmu kuwa sai su biya kuɗin na ƙarshe suna jiran aikin na farko. In ba ki iya bambance musu su da bakinki tun kafin ki karɓi aiki ba, za ki yi ta wahala.

Don haka ki yi duka biyun, amma ba lokaci guda ba. Ki fara da zaman, ki ga irin aikin da ranki ya fi kwantawa da shi, sannan ki sayi kwas guda ɗaya da ya dace da shi. CIEP da kika ambata cibiya ce ta gaske, an kafa ta a 1988 da wani suna, ta koma wannan sunan a 2020 bayan ta sami takardar amincewar masarautar Birtaniya. Ki zaɓi kwas ɗin da malami yake duba aikinki ya mayar miki da sharhi, ko da ya fi tsada. Wanda bidiyo ne kawai da takardar shaida a ƙarshe bai fi abin da za ki samu kyauta a YouTube ba. Ki leƙa kuma ƙungiyar editocin Afirka ta Kudu, PEG, suna da tsarin haɗa sabon shiga da gogagge. Ni kaina akwai wata dattijuwar edita a Akra da nake tura wa 'yan shafuka daga aikin da ya ba ni wuya, da izinin mai shi, in biya ta kuɗin awa guda, ta bi gyarana ta yi mini sharhi. Ban taɓa jin ciwon wannan kuɗin ba.

Akwai abin da za ki fara a daren nan ba tare da kin kashe ko sidi ɗaya ba. A Word ki kunna Track Changes, kada ki sake taɓa rubutun kowa sai da shi, don mai aiki ya ga kowane waƙafi da kika cire, ya karɓa ko ya ƙi. Tambayoyinki ki sa su a sharhin gefe, da ladabi: "Shafi na 12 ya ce mutum 150 aka tambaya, jadawali na 3 ya ce 145, wanne ne daidai?" Ki duba harshen da aka saita, domin a Gana rubutun Ingila muke bi, kwamfutoci da yawa kuwa da na Amurka suke zuwa, sai ki ga kundi guda ya gauraya biyun. Littattafan ƙa'ida kuma dole ne. APA bugu na 7, na 2019, shi sassa da yawa na jami'o'inmu suke nema a jerin manazarta. Masu wallafa littafi wasu suna bin Chicago, wanda bugunsa na 18 ya fito a 2024, wasu suna bin New Hart's Rules na Oxford. Ba wanda ya haddace su, inda za a buɗe ake koyo.

Aiki kuwa akwai, sai dai yana da lokacinsa. Lokacin miƙa kundi wayata ba ta hutawa, daga Tech Junction har Ayeduase, unguwannin da ke kewayen KNUST, ɗalibai ne ke neman mai duba musu, bayan nan sai a yi shiru. Abin da ke cike gurbin shi ne rahotannin ƙungiyoyin agaji, musamman na Tamale, da littattafan makaranta. Tun da aka sauya manhajar firamare a 2019 ake ta buga sababbin littattafai, kuma wanda za a yi amfani da shi a aji sai NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta amince da shi. Malama irinki da ta san abin da ɗan aji huɗu zai iya karantawa tana da abin da ni ba ni da shi. Ki je baje kolin littattafai da ƙungiyar mawallafan Gana take shiryawa a Akra, ki bi rumfa-rumfa ki gaisa da mutane, ki nemi a ba ki gwajin gyara. Da gwaji kamfanoni suke ɗaukar mutum, takardar shaida tana sa a buɗe saƙonki ne kawai.

Gargaɗi ɗaya a kan kundin ɗalibai, kuma da gaske nake. Za a zo a ce ki ƙarasa babi na biyar, ko ki sauya kalmomi don kada Turnitin, manhajar da jami'o'i ke binciken kundi da ita, ya kama satar rubutu. Kada ki yi, ko nawa ne. Yanzu ma wani sabon abu ya shigo, ɗalibi ya sa ChatGPT ya rubuta masa bitar ayyukan da suka gabata, Turanci sumul, amma in kin bi manazartan sai ki tarar wasu littattafan babu su a duniya. Ni nakan tsinci kaɗan daga jerin in neme su. In ban same su ba, in mayar wa mai shi in ce ya koma laburare.

Maganar kuɗi, sidi 200 a kundin digiri na biyu kyauta kika yi. Kada ki yanka farashi da shafi, mutum zai matse haruffa ya cire tazara ya kawo miki shafi biyu a matsayin ɗaya. Da kalma ake yi, Word yana ƙirga miki. Ki auna kanki da agogo ki ga kalma nawa kike tacewa a awa, ki san abin da kike so awarki ta kawo, daga nan farashi zai fito. Rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran kafin ki tura aikin ƙarshe, ko ɗan'uwa ne. Abin da kuka shirya ki rubuta shi ko a WhatsApp ne: irin gyaran, yawan kalma, ranar miƙawa, sau nawa za a iya dawo miki da shi. In kin fara aiki da kamfanoni da ƙungiyoyi za su nemi lambar haraji, wadda yanzu lambar Ghana Card ɗinki ce, kuma sukan cire kashi 7.5 cikin ɗari tun daga tushe. Ki sa wannan a lissafinki.

Malam Sani, Sabon Zango

Salam. Ni kan Hausa kawai zan yi magana.

Kasuwa akwai, ƙarama ce amma ba cunkoso. Hukumar Harsunan Gana da ke Kawukudi, nan kusa da ku, da harsuna 11 take wallafa littattafai, Hausa ba ta ciki. Masu jin Hausa sun cika zangunan ƙasar nan, masu rubuta ta bisa ƙa'ida kuwa 'yan kaɗan ne. Idan wata ƙungiya tana son saƙon rigakafi ko na wayar da kai lokacin zaɓe ya isa Nima da Ashaiman da Aboabo, sai ta ba duk wanda ta samu ya fassara, ba mai dubawa. Na ga fosta a bakin wani asibiti babu ƙ babu ɗ babu ɓ, kalmomi a manne inda ya kamata a raba, a rabe inda ya kamata a haɗa. Abin ya ɓata mini rai, domin maganar lafiyar yara ce.

Amma ki sani, tashi da Hausa daban, tace ta daban. Hausarmu ta zango ba ta cika bambance namiji da mace ba, muna cewa "Amina ya zo" ba wanda zai ɗaga kai, a Kano kuwa ba a yafe wannan a rubuce. Ba ina rena tamu ba ne. In saƙon rediyo ne don matan kasuwar Nima, a bar shi da Hausar da suke ji, har da kalmomin Twi da Ga da suka shige ta. In rubutu ne da za a karanta a Zariya ko Maraɗi, sai daidaitacciyar Hausa. Don haka tambayar farko da za ki yi wa mai aiki ita ce wa zai karanta. Ko tsakanin Najeriya da Nijar akwai ɗan bambanci, inda Najeriya take rubuta 'y, Nijar ƴ mai lanƙwasa take sawa.

Ubangidan wannan ɓangaren da wuya ki same shi a Akra. Ki nemi wanda ya karanta Hausa a Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Ɗanfodiyo, da yawansu suna Facebook. Ki sa 'yan kasuwarmu masu zuwa Kano su taho miki da littafin ƙa'idojin rubutun Hausa. Don samun haruffan Hausa wajen bugawa, a waya allon rubutu na Gboard yana da Hausa, a kwamfuta ki sa manhajar Keyman. Kuma duk aikin Hausa da za a buga, ki tsaya sai kin ga shafin gwaji a takarda da idonki. Yaran maɗaba'a sukan zaɓi samfurin haruffa mai kyan gani wanda ba shi da masu lanƙwasa, sai ƙ ta fito ɗan akwati ko ta ɓace gaba ɗaya.

Kada kuma wani ya sa ki ji kamar rubutun Hausa baƙo ne a ƙasar nan. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami, kuma akwai tarin rubutun hannu na malamanmu a Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, inda kika yi karatu. Ki leƙa wata rana.

Ramatu, Maamobi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Baba, na bi maganarku, jiya Asabar na je New Town na yi wa abokin kawuna tambayar da kuka ce. Ya ce mai aiki ne ke karanta abinsa ya sa hannu, in an buga da kuskure ruwansa. Ya nuna mini yara biyu a gaban kwamfuta da injin yanka takarda. Mutumin kirki ne, har ya ce in ina so in riƙa karanta ayyukan da ake kawowa, wanda ya yarda a duba masa sai ya biya ni wani abu. Ina ganin zan karɓa, ko ba komai zan ga aiki iri-iri. Amma mai duba gyarana babu shi a wurin.

Shi ya sa zan yi ƙarfin hali a gaban jama'a. Baba, ko za ku karɓe ni? Kawuna zai rako ni mu gaishe ku yadda kuka ce. Safiyar Asabar nake da ita, kuma in akwai rubutun da kuke so a buga a kwamfuta, hannuna yana da sauri.

Malam Sani, maganar masu lanƙwasa ta shige ni, na riga na sa Hausa a wayata. Yaya Hajara, tambaya ɗaya: wani ya ce in riƙa yin gwaji kyauta don jawo kwastoma. Daidai ne?

Hajara, Ayigya, Kumasi

Daidai ne, amma da iyaka. Kalma 500 zuwa 1,000, kuma ke za ki zaɓa daga tsakiyar aikin, domin shafukan farko kowa ya fi goge su, ainihin halin rubutun a tsakiya yake. Ke ma gwajin yana yi miki amfani, da shi za ki gane awa nawa aikin zai ci kafin ki faɗi kuɗi. Wanda ya turo miki babi guda cur ya ce gwaji ne, ki ba shi farashi. Akwai masu raba littafi babi-babi ga editoci daban-daban da sunan gwaji har su gama shi kyauta. Tayin mai maɗaba'ar nan ki karɓa, amma ku tsayar da kuɗin kowane irin aiki tun yanzu, kuma ke za ki riƙa magana da mai aikin in akwai tambaya, kada ta bi ta bakin yaran shago. In kin gama watanninki da Baba ki taɓo ni mu zaɓi kwas tare.

Baba Alhassan, New Town

Na karɓe ki 'yata, Allah ya sa albarka. Ba sai an kawo komai ba, gaisuwar kawunki ta isa. Akwai tarihin masallacin unguwarmu da kwamiti ya ba ni in duba, mutum uku suka rubuta shi da hannu, kowa da yadda yake rubuta sunayen limamai, wani da shekarar Hijira wani da ta Miladiyya. Da shi za mu fara. Ke za ki buga shi a kwamfuta, ki buɗe masa takardar sunaye, ki yi gyaranki, ni kuma in yi nawa a takarda, ranar Asabar mu haɗa. Abin da kwamitin ya ba ni za mu raba, aiki ba lada ko a gidana ban yarda da shi ba. Wannan abin bin gyara da Hajara ta ambata ban iya shi ba, ke za ki nuna mini. Ki taho da yarinyar, akwai jikoki a gidan, Hajiya ma tana nan. Jikana zai turo miki kwatance ta saƙon sirri. Ki zo ƙarfe tara, kafin azahar mun tashi.